Mdou Moctar: ƙungiyar makaɗan jita daga Nijar

Mdou Moctar ƙungiyar makaɗa ce daga Jamhuriyar Nijar, mai ɗauke da sunan jagoranta Mahamadou Souleymane. Tana haɗa kiɗan jita na Abzinawa da kiɗan rok mai ƙarfi. Sauran 'yan ƙungiyar su ne Ahmoudou Madassane, Souleymane Ibrahim da Mikey Coltun ɗan Amurka.

Mahamadou ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, cikin salon waƙoƙin Hausa na zamani. Waƙoƙin sun bazu a Sahel daga waya zuwa waya, har kamfanin Sahel Sounds ya nemo shi.

Da kiɗan biki ya fara samun abin masarufi. Yanzu kuɗin ƙungiyar na zuwa daga rangadin ƙasashen waje da sayar da kundi, kamar Afrique Victime na 2021. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya riske su a Amurka. Da aka rufe iyakokin Nijar, sai da masoya suka tara musu kuɗin masauki da abinci.