Giginya da Muruci a Ƙasar Kano

Wanda ya bi titin Zariya yau, ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwar Gano har Tarauni, ba abin da zai gani sai gidajen siminti da kantuna da motoci. Amma a zamanin da, duk wannan wuri bayan ganuwa ne, gonaki ne da ƙauyuka. Manoman karkarar Kano kuwa, in suna sharar gona, ba su sare itacen da ke ba da abinci. Saboda haka a kan ga ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye cikin gero, a wuraren da ke da damshi kuma a ga giginya ta ɗara kowane itace tsawo.

Giginya ba dashenta a ke yi kamar mangwaro ba, ita ke fitowa da kanta inda ƙwallonta ya faɗi. Akwai mace akwai namiji, macen ce ke 'ya'ya. Ta kan yi shekaru masu yawa kafin ta soma haihuwa, har yaron da ya ga tsirarta ya kan yi aure bai ɗanɗana ɗanta ba. Ganyenta can ƙoli ya ke, shi ya sa a ke mata kirari da na nesa ka sha inuwarki.

Abinci iri biyu a ke samu gare ta. Na fari shi ne ɗan giginya, wanda in ya nuna ya kan yi ja-ja, ya faɗo da kansa, da ƙamshi mai ƙarfi. A kan tsotse shi, ko a jiƙa a tace ruwan a dama kunu. Na biyu shi ne muruci, kuma shi ya fi ban sha'awa. Cikin kowane ɗa a kan sami ƙwallo har uku. Da damina ta faɗi sai a haƙa ƙasa mai rairayi, a jera ƙwallayen, a rufe. Kowane ƙwallo sai ya tura tsiro can ƙasa, abincin da ke cikinsa ya gangara ya taru a jikin tsiron. Bayan wata shida ko fiye, lokacin ɗari, a tone, a dafa, a ɓare, a ci. Yana da ɗan ɗaci-ɗaci, amma yana riƙe ciki ƙwarai.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano cikin 1851. A littafin tafiyarsa ya ba da labarin yadda a ke binne ƙwallon giginya, ya kuma rubuta sunan muruci da Hausa. Itacen da kansa ya shiga tarihi, gama filin da Sarkin Musulmi Attahiru ya kara da Turawa a bayan birnin Sakkwato, ran 15 ga Maris 1903, Giginya a ke kiransa.

Ba a san darajar irin waɗannan itatuwa sai shekarar yunwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, zamanin Sarki Abbas. Shekarar da ta biyo 'yan kasuwa suka shiga sayen gyaɗa da tsada, manoma da yawa suka ƙara mata fili a gonakinsu. Sai ruwa ya ɗauke cikin 1913, hatsi bai yi ba. Kafin daminar 1914 rumbuna sun ƙare, aka yi yunwar da a ke kira Kakalaba, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu, waɗansu suka bar garuruwansu. Talakawa suka koma ga ganyaye da saiwoyi da 'ya'yan itatuwan daji. Gero, in ruwa ya yi dogon fashi sai ya ƙone. Giginya da 'yar'uwarta goruba kuwa farin shekara guda ba ya kashe su. Sai dai muruci ba ya ceton wanda yunwa ta riga ta kama, don wata shida ba kwana shida ba ne. Wanda ya binne tun da wuri shi ke tonowa. An sake yin yunwa cikin 1927, wadda a ke kira 'Yar Buhu, sa'an nan ga farin 1973.

To, me ya rage giginya a kewayen birni? Da fari dai azara. Itacen giginya gara ba ta cinsa da sauƙi, don haka da shi magina su ke rufin soraye da zaurukan Kano tun zamanin da. Azara mai kyau kuwa sai daga tsohuwar giginya, wadda ta shekara hamsin ko fiye, ga shi sarar yini ɗaya ce ke kayar da ita. Sa'an nan muruci da kansa ɗan giginya ne da aka cinye tun bai ga rana ba. In aka tsince ƙwallaye duka aka binne don sayarwa, ba mai gadon tsofaffin. Daga baya birni ya fito daga ganuwa, aka yanka gonaki fuloti-fuloti, mai gini kuwa ba ya son dogon itace da zai jefo masa ɗa mai nauyi bisa kwano.

A Jamhuriyar Nijar akwai babban dajin giginya a Dallol Mawuri, kusa da Gaya ta bakin Kwara, ba Gayan Kano ba. Can ma sara ya yi yawa, har hukuma ta sa doka, daga baya aka danƙa wa mutanen ƙauyuka tsaron dajin, su kuma su ci amfaninsa. Noman muruci sana'a ce babba a wurin. A Tarauni da Unguwar Gano kuwa, in sanyi ya shigo, a faranti a ke ganin muruci, an ɗauro shi daga nesa cikin buhu, yara suna saye suna ɓarewa a bakin titi.