Hoto da Harshe: Nazarin Abotar Yaro da Dabba a Littattafan Yara Masu Harshe Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi littattafan hoto na ƙananan yara masu ɗauke da Hausa da Ingilishi a shafi guda, musamman waɗanda jigonsu shaƙuwa ce tsakanin yaro da dabbar gida. Hujjarta ita ce, fassarar rubutu kaɗai ba ta mayar da littafi na ɗan Bahaushe matuƙar hoton yana nan yadda ya zo.

Gabatarwa

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa a Nijeriya ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A Nijar kuwa, makarantun gwaji masu harshe biyu sun soma a Damagaram a 1973. Ra'in Cummins (1979) ya ƙarfafa wannan hanya, inda ya nuna ƙwarewar karatun da yaro ya samu a harshensa na farko tana bin sa zuwa na biyu. Abin da ya daɗe yana ƙaranci shi ne abin karantawar. Rumbunan intanet irin su African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya sun rage giɓin, domin lasisinsu ya ba kowa damar fassarawa da bugawa. An ɗora nazarin nan a kan tsarin Nikolajeva da Scott (2001), wanda ya ɗauki hoto da rubutu a matsayin masu ba da labari biyu, wani lokaci bakinsu ya zo ɗaya, wani lokaci su saɓa.

Tattaunawa

A labaran da aka aro daga Turai, abokin yaro galibi kare ne, yana lasar fuskarsa, yana kwana kan gadonsa. A ƙasar Hausa kare na farauta ne da gadi, mazauninsa ƙofar gida ko gona. Ɗan aji ɗaya yana iya karanta jimlar Hausar daidai, amma hankalinsa na kan wanda ya bar kare ya hau gado. Darasin abota ya wuce shi ke nan.

Ba wai ɗan Bahaushe bai san shaƙuwa da dabba ba. Akwai yaron da ya tara kuɗin Sallarsa ya sayo tantabaru biyu, ya rataya musu tukunya a katanga, yana watsa musu gero da safe, yana gane tasa ko a sama take. Akwai kyanwar gida, wadda iyaye ba sa ƙyamata, tun da har sahabi Abu Huraira da ita aka yi masa alkunya. Mafi armashi shi ne ragon layya: yaro ya yi ta kai masa dusa da harawa, ya sa masa suna, sannan ranar Babbar Sallah ta zo. A nan akwai abota, akwai rabuwa, akwai ibada, kuma marubutanmu ba su ci moriyar wannan jigo yadda ya kamata ba. Abubakar Imam ma, a Magana Jari Ce (1937), aku ya ɗora wa riƙon labarin.

Sai tsarin shafi. Idan Ingilishi ne a sama da manyan haruffa, Hausa a ƙasa an matse ta, wani lokaci babu lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, to yaro ya gane wane harshe aka fifita ko ba a faɗa masa ba.

Kammalawa

Maƙalar tana ba masu wallafa da sassan Hausa na kwalejojin ilimi shawarar su juya tsarin: a fara rubuta labarin da Hausa, mai zane na gida ya zana shi, sannan a fassara zuwa Ingilishi ko Faransanci.