Robar fitsari, bututun ƙirji da na'urar zuƙe majina: abin da mai jinya ya kamata ya sani

A asibitocin Najeriya, ɗan'uwan majinyaci ne ke kwana a gefen gado, kuma shi yakan fara lura idan jakar fitsari ta cika ko bututu ya lanƙwashe. Ga Hausawan da ke neman abinci a Kasuwar Artisan ta Enugu, da 'yan'uwansu na Fatakwal da Anacha, wannan nauyi yakan faɗo kan abokin sana'a, domin iyali suna Arewa, bayanin ma'aikatan jinya kuwa galibi da Turanci ake yin sa. Kayan da ake bayani a nan aikinsu ɗaya ne: fitar da ruwan da ya taru inda bai kamata ba a jikin marar lafiya.

Na'urar zuƙe majina

Na'urar tana janye iska daga cikin kwalba, ita kuma kwalbar ta zuƙo majina, jini ko amai ta cikin bututu. Ana amfani da ita a ɗakin tiyata, da kan wanda ya suma ya kasa tari, don kada hanyar numfashinsa ta toshe. Kan bututun da aka fi sa wa a baki yana ɗauke da sunan Sidney Yankauer, likitan birnin New York da ya ƙirƙiro shi wajajen 1907. Zuƙa ɗaya ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, saboda tana janye har da iskar da majinyaci ke shaƙa. Akwai mai aiki da lantarki, akwai kuma wadda ake takawa da ƙafa, mai amfani idan an ɗauke wuta. A 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina zuƙe baki da hancin jaririn da ya fara numfashi da kansa.

Robar fitsari

Likitan Amurka Frederic Foley ne ya fito da irin wadda aka fi sani, a shekarun 1930. Ana zura ta har cikin mafitsara, sannan a cika wata 'yar balan-balan da ke bakinta da tsabtataccen ruwa, yawanci mililita 10, don kada ta zame. Shi ya sa fizge ta da ƙarfi ke yaga hanyar fitsari. Ana sa wa dattijon da fitsari ya riƙe saboda kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, da wanda ya ji rauni a laka, irin waɗanda haɗarin mota ke kaiwa Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Enugu.

Bututun ƙirji

Idan jini, mugunya ko iska suka taru a kewayen huhu, akan sa bututu tsakanin haƙarƙari, ɗaya bakinsa ya nutse cikin ruwan da ke cikin kwalba. Ruwan yana barin iska ta fita, yana hana ta komawa. Likitan Jamus Gotthard Bülau ya yi amfani da wannan dabara a Hamburg a 1875. Har yau ana sa irin wannan bututu bayan tiyatar buɗe zuciya, wadda aka fara yi a Najeriya a 1974 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu.

Inda haɗarin yake

Duk bututun da ya shiga jiki ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Kowace rana da roba ta ƙara a mafitsara, yiwuwar shigarsu tana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin 100 na ciwon hanyar fitsari da ake ɗauka a asibiti yana da nasaba da robar. Don haka ya dace mai jinya ya riƙa tambayar likita ko lokacin cire ta ya yi.

Aikin mai jinya

Ya wanke hannu da sabulu kafin taɓa jakar fitsari da bayan taɓa ta. Jakar ta kasance ƙasa da mafitsara, ba tare da ta taɓa ƙasa ba, a zubar da ita kafin ta cika, kuma kada a raba ta da robar. Kwalbar ƙirji ta tsaya a tsaye, ƙasa da ƙirjin majinyaci. Na'urar zuƙa kuwa sai wanda aka koya wa zai taɓa ta.

Wanda aka sallama da roba a jikinsa, zai kama doguwar hanya zuwa Kano ko Sakkwato, ya karɓi takardar da ke nuna ranar da aka sa ta, girmanta da ranar sauyi. Ta siliko zalla takan kai mako 12, wasu ba sa wuce mako 4. A mota kada a ɗora jakar a cinya.

Zazzaɓi, rawar ɗari, gudan jini a cikin jaka, ciwon mara, tsayawar fitsari na wasu sa'o'i ko sarƙewar numfashi, duk alamu ne da ke buƙatar a garzaya asibiti mafi kusa, ko da ana tsakiyar tafiya.