Hamonika: Tarihin ɗan ƙaramin abin busa da amintattun masu gyaransa

Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya ɗin nan Sholay na 1975, ko a sinima ko a kaset ɗin bidiyo, zai iya tuna wurin da Amitabh Bachchan yake zaune a waje da daddare yana busa wani ɗan abu a tafin hannunsa, ita kuma Jaya Bhaduri tana bi tana kashe fitilun bene ɗaya bayan ɗaya. Su kuma masoya finafinan kaboyi ba za su manta da Charles Bronson ba a fim ɗin Once Upon a Time in the West na 1968, inda ba a san shi da wani suna ba sai sunan abin da yake busawa. To wannan abin shi ne hamonika. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, amma tarihinsa ya doshi shekara 200. Abin da ya ja hankalinmu a wannan wata shi ne yadda ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka riƙe wannan abin busa a lokacin da manyan kamfanoni suka yi sakaci da shi.

Bari mu fara da yadda yake aiki, don mai karatu ya gane inda amana ta shigo cikin maganar. Hamonika irin wadda aka fi sani tana da ramuka 10. A cikinta akwai 'yan siraran harsuna na tagulla guda 20, an ɗaure su a jikin faranti biyu. Idan ka hura iska wasu su kaɗa, idan ka zuƙa wasu su kaɗa. Tazarar da ke tsakanin harshe da ramin da yake kaɗawa a ciki ba ta fi kaurin gashin kai ba. In ta yi yawa iska ta zurare, mai busa ya yi ta haki. In ta yi kaɗan harshen ya maƙale. Sannan kowace hamonika da muryarta, akwai muryoyi 12, shi ya sa ƙwararre ba ya rabuwa da jaka cike da su. Wani abin kuma, tunda a baki ake sa ta, mai kanti ba zai bari ka gwada ba kafin ka biya, kuma ba zai karɓa ba in ka dawo da ita. Ka ga ke nan cinikin ɗungurungum a kan yarda aka gina shi.

Zamanin ɓoye sirri

A wani ƙaramin gari mai suna Trossingen da ke kudancin Jamus, wani saurayi Christian Messner ya fara ƙera hamonika a wajen 1827. Shi da danginsa sun riƙe sirrin aikin gam, ba sa bari bare ya leƙa. Ana ba da labarin cewa wani mai gyaran agogo, Matthias Hohner, sai da ya fake da ziyara ya shiga ɗakin aikin ɗaya daga cikinsu yana satar kallo, har aka gane shi aka kore shi. Koma dai yaya aka yi, a 1857 Hohner ya buɗe nasa wurin, shi da matarsa da ma'aikaci guda, suka ƙera hamonika 650 a shekarar farko. Tun kafin nan, a 1847, Christian August Seydel ya riga ya kafa tasa masana'antar a garin Klingenthal, can gabashin Jamus kusa da iyakar ƙasar Cek.

Hohner ɗan kasuwa ne na gaske. Ya sa sunansa ɓaro-ɓaro a jikin murfin kowace hamonika, ya kuma fara tura kaya Amurka a 1862. Zuwa 1887 yana ƙera miliyan guda a shekara. A 1896 kamfanin ya fito da samfurin Marine Band, wadda aka riƙa sayarwa a kan santi 50, kuɗin da ko leburan gona zai iya tarawa. Wannan araha ce ta kai ta hannun baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Su ne suka gano cewa in ka sarrafa harshenka da maƙogwaronka kana zuƙa, za ka iya lanƙwasa sautin ya yi kamar kukan mutum, abin da Jamusawan da suka ƙera ta ba su taɓa nufa ba. Daga nan aka samu mashahurai irin su Sonny Boy Williamson da Little Walter a kiɗan buluz na birnin Shikago. Matthias Hohner ya rasu a 1902, 'ya'yansa biyar suka ci gaba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1920 sun haɗiye sauran masana'antun Trossingen, har da ta gidan Messner ɗin da aka fara a can.

Da babba ya yi sakaci

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka sauya. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta karɓe masana'antar Seydel. Shi kuma Hohner sai kasuwa ta fara juya masa baya, domin matasa sun koma kan gita. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1990, masu busa suka yi ta kuka da ingancin kayan: iska na zurarewa, sauti ba ya daidaita, katakon ciki yana kumbura da yawu har ya yanki leɓe. Tunda da ƙusoshi ake haɗa Marine Band, buɗe ta ma aiki ne. Harshe ɗaya ya gaji, sai a jefar da ita a sayi wata. Kamfanin kansa ya fita daga hannun iyalin Hohner a shekarun 1980, kuma a 1997 kamfanin KHS na Taiwan ya mallaki kaso mafi tsoka.

Wanda ya fara tunkarar wannan matsala da gaske shi ne Lee Oskar. An haife shi a Kofanhegan ta ƙasar Danmak a 1948, ya tafi Amurka yana ɗan shekara 18, ya yi suna a ƙungiyar mawaƙa ta War. Da ya gaji da sayen hamonika marasa inganci, sai ya haɗa gwiwa da kamfanin Tombo na Japan, ya kafa nasa ƙaramin kamfani a 1983. Ya yi cikinta da roba wadda ba ta kumbura, ya haɗa ta da sukurori maimakon ƙusa, sannan ya riƙa sayar da farantan harsuna daban, da 'yan kayan gyara. Ka duba wannan lissafi da kyau. Mutumin da abincinsa ke cikin sayar da sabuwar hamonika, shi ne ya buɗe wa mai saye hanyar gyara tsohuwa a kan kuɗi kaɗan. A ido kamar ya rage wa kansa ciniki ne, amma hakan ne ya sa masu busa suka riƙe shi, kuma sama da shekara 40 ke nan kayansa suna kasuwa.

Maƙerin Joliet

Na biyu shi ne Joe Filisko, mutumin garin Joliet a jihar Illinois, wanda ya koyi aikin injin sassaƙa ƙarfe. A farkon shekarun 1990 ya fara kwance Marine Band yana sake gina ta da hannu. Zai cire ƙusoshin ya sa sukurori, ya goge katakon ya shafe shi don kada ya sha ruwa, ya matse bakin kowane rami, ya daidaita kowane harshe ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kankare shi har sautin ya zauna. Aiki ne na sa'o'i masu yawa a kan abu guda. Ƙwararru irin su Howard Levy, wanda ya shahara da fitar da sautukan da a da ake ganin babu su a cikin ramuka goman nan, suna cikin waɗanda suka amfana da hannunsa. Daga nan aka samu sabuwar sana'a sukutum, ta masu gyaran hamonika bisa buƙatar mai ita.

Inda Filisko ya bambanta da mutanen Trossingen na farko shi ne bai rufe ƙofa ba. Ya koya wa wasu aikin har suka tsaya da ƙafafunsu. Ya daɗe yana koyar da busa a makarantar Old Town School of Folk Music ta Shikago. Akwai kuma ƙungiyar SPAH, wadda Earl Collins da abokansa suka kafa a jihar Michigan a 1963 don raya hamonika, tana taro duk shekara. A wajen taron Filisko ya yi suna da shirya zaman koyarwa, inda ƙwararru kan zauna a tebura, ɗan koyo ya ja kujera ya yi tambayar da yake so. A 2001 ƙungiyar ta karrama shi da lambar gwarzon shekara. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da Hohner ya farfaɗo, dabarun waɗannan ƙananan masu gyara ya ɗauka: ya fito da Marine Band Deluxe mai sukurori a 2005, da Crossover mai cikin gora a 2009, sannan Thunderbird a 2011, wadda Filisko ne ya tsara murfinta. Har ma kamfanin ya nemi taimakonsa wajen tantance masu gyaran da zai amince da su a hukumance.

Ita ma Seydel ta sha da ƙyar. An mayar wa iyalin gidan da ita bayan haɗewar Jamus, amma ta durƙushe a 2004. Wasu masu zuba jari, Niama Media, suka saye ta, suka riƙe tsofaffin ma'aikatan da suka san aikin. A 2007, shekara 160 da kafuwarta, ta fito da samfurin da ta kira 1847, mai harsunan ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda suka fi na tagulla daɗewa. Yau ita ce masana'antar hamonika mafi tsufa a duniya da ke aiki, kuma har yanzu ƙarama ce, ta yadda mutum ɗaya zai iya aiko da tsarin sautin da yake so a ƙera masa guda ɗaya tak.

Ba kowa ne ya riƙe amana ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk labarin zuma ne. Mai son hamonikar hannu yakan biya kuɗi tun kafin a fara aiki, ninkin ba ninkin farashin ta kanti, ya aika wa mutumin da bai taɓa gani ba a wata ƙasa, sannan ya zauna jiran watanni. Akwai wani ƙaramin kamfani a Amurka da ya yi alkawarin ƙera hamonikar da ba a taɓa ganin irinta ba, jaridu da talabijin suka yi ta yayata shi, jama'a suka yi ta biyan kafin alƙalami. Aikin ya fi ƙarfinsa, ya rufe a 2011, mutane da yawa ba su ga kaya ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to a nan an ci ladan, askin ne bai samu ba. Duniyar masu busa hamonika 'yar ƙarama ce, kowa ya san kowa, don haka har yau ba a manta da wannan ba.

Wannan ne ya sa suke girmama waɗanda suka cika alkawari. A cikinsu akwai mai gaya maka gaskiya cewa jiran zai kai wata shida, kuma ya kai ɗin bai wuce ba. Akwai wanda in harshe ya karye zai ce ka turo ya canza maka. Akwai ma wanda ɗan koyo zai zo da kuɗinsa, ya ce masa ya mayar da su aljihu, ta kanti ta ishe shi tukuna, ga yadda zai daidaita ta da kansa. Yawancinsu mutum ɗaya ne da teburi da fitila da 'yan kayan aiki a bayan gida, ba su da kuɗin talla, sai bakin waɗanda suka yi wa aiki.

Saboda haka in ka sake jin wannan siririn sauti a wani fim ko a wata waƙa, ka tuna cewa bayan mai busawa akwai wani wanda ba a rubuta sunansa a jerin sunayen ƙarshen fim, wanda ya zauna ya daidaita harsuna 20 ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya haɗa mu da masu amana a kowace sana'a, amin.