Tarihin Rashin Matsuguni a Ingila, 1948 zuwa 1977

A shekarar 1948 ne Majalisar Dokokin Birtaniya ta soke tsohuwar Dokar Matalauta, ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da masauki na wucin gadi ga duk wanda wata larura ta ba-zata ta raba da gidansa. Masu tsara dokar gobara da ambaliya suke hange. Amma waɗanda suka riƙa zuwa neman taimako yawancinsu magidanta ne da masu gidajen haya suka kora, musamman bayan dokar 1957 wadda ta sassauta ƙayyade kuɗin haya.

Masaukan da aka tanada kuwa, da yawansu tsofaffin gidajen gajiyayyu ne. Akan karɓi uwa da 'ya'yanta, a hana maigida kwana, sai dai ya ziyarce su a sa'o'in da aka yanka masa. In wa'adi ya cika iyali ba su sami gida ba, sai a sallami uwar, hukuma ta ɗauke yaran ta ba da su riƙo. Watau hukumar da aka ce ta agaji iyali ita ce ke wargaza shi, alhali jama'ar gari na ɗauka cewa mashayi da ragon mutum kaɗai ke rasa wurin kwana.

Wasan kwaikwayo ne ya karya wannan zato. Ranar 16 ga Nuwamba, 1966, gidan telebijin na BBC ya nuna Cathy Come Home, wanda Jeremy Sandford ya rubuta, Ken Loach ya ba da umarni. Labarin wasu ma'aurata ne matasa: mijin ya ji rauni ya rasa aikinsa, bashin haya ya taru, aka kore su, suka yi ta gararamba, har daga bisani aka ƙwace 'ya'yan daga hannun uwar a tashar jirgin ƙasa. Kimanin mutum miliyan 12 suka kalla, wajen rubu'in al'ummar ƙasar ke nan. Bayan mako biyu aka ƙaddamar da ƙungiyar Shelter. An riga an shirya kafa ta tun kafin wasan, sai dai ta tarar da zukata sun yi laushi.

Duk da haka sai da aka shekara 11 kafin tausayi ya zama doka, abin da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da shi. A 1977 aka zartar da ƙudurin da Stephen Ross, wani ɗan majalisa, ya gabatar. Dokar ta mai da al'amarin hannun sashen gidaje, ta wajabta samar da gida ga masu yara, da mata masu ciki, da tsofaffi da naƙasassu. Sa'an nan ta bar ƙofofi biyu na kaucewa: lafiyayyen gwauro bai shiga lissafi ba, haka kuma wanda aka ce shi ya jawo wa kansa korar.

Daga 1980 aka ba masu haya damar sayen gidajen ƙananan hukumomi da rahusa, ba a kuwa gina madadinsu daidai gwargwado ba. A 2023 iyalan da ke zaune a masaukan wucin gadi a Ingila sun haura 100,000.