Binciken ɗalibi kan mata, maza da muhalli a Damagaram: yadda ake tsara shi

Ɗalibai da dama na jami'ar André Salifou ta Zinder kan zaɓi batun mata da muhalli domin kundin kammala karatu. Batun na da faɗi, shi ya sa aikin farko shi ne taƙaita shi zuwa tambaya guda da za a iya amsawa a ƙauyuka biyu ko uku.

Ina tambayar take?

A karkarar Hamdara, cikin gundumar Mirriya, tambayar na tsaye cikin gona: icen wane ne, kuma wa ke cin amfaninsa? Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Mirriya, Magarya da Matamaye suka riƙa barin tohon itace a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin kore ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sai dai gona yawanci ta maigida ce, alhali neman icen girki, ɗiban ganyen kuka da sayar da shi a kasuwa aikin mata ne. Ɗalibi na iya tambaya: da itace suka yawaita, lokacin da mace ke ɓatawa wajen neman makamashi ya ragu? Kuɗin kuka aljihun wa suke shiga?

Abin da za a karanta tukuna

Dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa hukumomin filaye da ake kira COFO, da dokar gandun daji ta 2004. Sai binciken Marthe Doka da Marie Monimart na 2004, wanda ya nuna yadda ƙarancin fili a kudancin Nijar ke raba mata da gamana, wato ƴar gonar da miji ke ba matarsa aro.

Shiga ƙauye

Ana fara da takardar izini daga jami'a, a gabatar da ita ga hukumomin gari, sannan a gaida maigari kafin a yi wa kowa tambaya. A zauna da mata daban, maza daban, domin a gaban maigida mace ba ta cika faɗin abin da take samu ba. Inda ake kulle, mace ce za ta shiga gida. Ɗalibi namiji ya nemi abokiyar aiki. Kada a haɗa mata duka a kwando ɗaya: halin gwauruwa daban da na amarya, na wadda ta gaji gona daban da na mai aro.

Awo da lokaci

A yi tambaya da ma'aunin mutane, wato tiya, dami da jaka, daga baya a juya su zuwa kilo da sefa. Damina lokacin noma ne, ba mai zaman hira. Bayan kaka ya fi. Amma wanda ya zo da rani kawai ba zai ga gawo ya zubar da ganye hatsi na girma a gindinsa ba, don haka ziyara biyu ta fi ɗaya.

Amana

Maganar gona da gado kan haddasa rikici tsakanin dangi. A nemi yardar kowa da baki, a sakaya sunaye cikin kundi, kuma kada a yi alkawarin tallafi. In an gama, a koma ƙauyen a bayyana sakamakon da Hausa, domin waɗanda suka ba da amsa su ji abin da aka rubuta a kansu.