Fadama, gungu da gandu: sunayen ƙasar da ruwa ke ci a Yauri

A shekarar 2008 aka sa tsibiran Foge da ke cikin tafkin Kainji a jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Yarjejeniyar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, suna ɗaya ta raɗa wa duk ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, tun daga dausayin bakin teku mai gishiri har tafkin tsakiyar daji. A gidajen rediyo akan fassara shi da dausayi, wani lokaci fadama. Mutanen Shanga, Yauri da Ngaski kuwa suna ɗaya bai taɓa isarsu ba, domin kowane suna a wurinsu yana faɗin wanda ke da haƙƙi a wurin, da lokacin da haƙƙin ke farawa.

Fadama ita ce ƙasar kwari wadda ruwa ke mamayewa, in ya janye ya bar laima. Kishiyarta tudu. Kalmar manomi ce: wanda ya ce fadama, shinkafa yake hange, ko albasa, ko rake. Dausayi kuwa ya fi kama bakin makiyayi, don shi ne wuri mai danshi da ɗanyar ciyawa inda dabba ke samun abin ci bayan daji ya bushe. Sau da yawa fili guda ne ake kira da sunaye biyun, kuma daga nan rigimar manomi da makiyayi ke tsirowa. Fadama ta yi tafiya mai nisa: tun farkon shekarun 1990 Bankin Duniya ya ɗauke ta yadda take ya sa wa shirinsa na noman rani a Najeriya, har ta kai yau wasu matasa in an ce fadama, injin ban ruwa da rance ne ke zo musu a rai kafin ƙasar kanta.

Gungu ya fi taɓa mini zuciya. Shi ne tsibirin cikin kogi, kuma da shi Hausawa suka kira mutanen da ke zaune a tsibiran kogin Kwara, Gungawa, alhali su Reshe suke kiran kansu. Sun yi suna wajen su da noman albasa na ban ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai masu yawa tare da tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa da dama sun koma tudu, sunan tsibiri na biye da su. Foge ɗin da ake karewa yau ragowar babban tsibiri ne da ruwa ya shanye yawancinsa. Saboda haka duk mai maganar farfaɗo da wurin, ya kamata ya fara da tambayar wane Foge yake nufi, na tsuntsaye masu ƙaura da ke sauka yanzu, ko na gonakin da ke ƙarƙashin ruwa.

Shi ma ruwan ba ɗaya ba ne. Masu nazarin kogin sun raba cikarsa biyu: farin ruwa, mai laka, wanda daminar yankin ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya tace a fadamun Mali, ya iso nan cikin hunturu. Shi ya sa tafkin ke cike a lokacin da ƙasar Hausa ke ƙura, sannan ya ja baya ya bar fili mai faɗi. A wannan fili burugu ke yaɗo, ciyawar da shanun Fulani ke dogaro da ita da rani, kifi kuma ke ɓuya a cikinta yana ƙanƙani. Manomi na ganinta ciyawa ce da za a nome, Basarke masunci da Bafulatani na ganinta dukiya. Kainuwa kuwa an ɗora mata laifin da ba nata ba: asali sunan wata 'yar ciyawar kan tafki ce da muka sani tun kaka da kakanni, sai aka ara wa baƙuwar ciyawa mai shuɗin fure, 'yar Kudancin Amurka, wadda ta addabi masunta da masu jirgi a Kainji a shekarun 1990.



Kalmar da ta fi buƙatar a tsaya a kanta ita ce gandu. Muna cewa gandun daji ga wurin da hukuma ta killace, kamar gandun dajin Kainji da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗa Borgu da Zugurma. To amma gandu a asali babbar gona ce ta maigida ko ta sarki, wadda na ƙasa ke yi wa aiki, mai ita ke rabon amfani. Da zarar masunci ya ji an kira bakin ruwansa gandu, abin da ya fahimta shi ne wuri ya yi mai shi, kuma ba shi ba ne. Ban ga laifinsa ba. Bakin ruwan nan yana da Sarkin Ruwa, yana da arɗo, yana da dattawan da suka san iyakar kowace fadama tun kafin madatsa. Jami'in da ya zo da takardar killace wuri, in yana son a ba shi haɗin kai, a ƙofarsu zai fara yin sallama, ya tambayi yadda ake kiran kowane lungu da watan da ake shigarsa.